Wutar Hasken Rana a Kankiya da Kusada: Abin da Ke Ɓata Aikin Tarayya

Zuwa ga hakimai da malamansu. Samar da wutar lantarki daga hasken rana aiki ne na tarayya, watau na Gwamnati, da kamfani, da masu ba da bashi, da talakawan da za a yi aikin a ƙasarsu. In ɗayansu ya janye hannu, aiki ya tsaya.

A watan Yuli na 2016 NBET, kamfanin Gwamnatin Tarayya mai sayen wuta a dunƙule, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14. Cikinsu akwai Pan Africa Solar, wanda ya yi niyyar kafa tasha mai ƙarfin megawat 75 a Kankiya, inda babban layin wuta daga Kano zuwa Katsina ya bi. An shirya a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane kilowat na awa guda. Daga baya Gwamnati ta ga farashin ya yi yawa, ta ce sai 7.5. Masu ba da bashi kuwa suka ƙi sakin kuɗi sai Gwamnati ta tsaya lamuni. Shekaru suka shuɗe ana jayayya, ba a gina tashar ba. Haka nan aikin injunan iska 37 na Lambar Rimi ya daɗe a tsaye bayan an sace wani injiniya Bafaranshe a Disamba 2012.

To, ƙananan tashoshin ƙauye ma irin wannan saɓani ke kashe su. Ƙa'idar hukumar NERC ta 2016 ta tanadi yarjejeniya a rubuce tsakanin jama'a da kamfani. Saboda haka kafin a sa hannu, ya wajaba hakimi ya tara dagatai da masu unguwa a tabbatar da abu huɗu:

1. Fili: a auna shi, a biya masu gona diyya gaban shaidu.
2. Kuɗin wuta: a bayyana shi sarai, a tuna kuɗin manomi da kaka yake samuwa.
3. Gyara: batir yana tsufa, a san wanda zai sake shi, a kuma koya wa samarin gari aikin.
4. Tsaro: a naɗa masu gadin kaya da ma'aikata.

Malamin hakimi ya ajiye kwafen takardar a ofis, a karanta wa jama'a da Hausa, domin kowa ya san abin da ya ɗaukar wa kansa. Allah ya ba mu sa'a.