Ƙaramin Tumatir Na Gyauro: Yadda Za A Gane Shi

Idan damina ta zauna, a gidaje da yawa na Gusau da Tsafe da Bungudu akan ga tumatir ya tsiro don kansa a bakin rariya ko bisa juji, inda uwargida ke zubar da ruwan wankin kayan miya. Shi ne ake kira gyauro. Sau da yawa 'ya'yansa ƙanana ne, ba su fi ɗinya girma ba, ga zaƙi ga yawa, alhali kuwa a lokacin tumatir ya yi tsada a kasuwa. Maigida ya nuna wa maƙwabta, wannan ya ce irin Turawa ne, wancan ya ce na jeji ne. Daga bisani sai a tambayi malamin gona, mene ne sunansa, kuma ya isa a ajiye irinsa?

Abu na fari, a tabbata tumatir ne, gama yana da dangi masu ƙananan 'ya'ya. Furen tumatir rawaya ne, karansa da gashi-gashi, in an murza ganyen kuwa ƙanshinsa ba ya ɓuya. Gautan kaji furensa fari ne, 'ya'yan baƙaƙe in sun nuna. Gautan kura yana da ƙaya, furensa shunayya, 'ya'yan rawaya, kuma dafi gare shi. Kada a bar yara su ci abin da ba a tabbatar ba.

Ƙaramin tumatir ba lalataccen iri ba ne. Asalin tumatir daga Amurka ta Kudu yake, wajen Peru da Ekwado, kuma na jejin can ƙanana ne ainun. Mutanen Meksiko suka noma shi har ya girma, sa'an nan Sifaniyawa suka kai shi Turai cikin ƙarni na 16. Watau ƙaramin ya fi kusa da kakanni. Ya kan kuma fi manyan jure zafi da ruwa, don manyan sukan zubar da fure idan zafin rana ya wuce digiri 32.

To, ga abubuwa huɗu da za a duba, a rubuta. Na ɗaya, tsayuwarsa: yana tsayawa gajere kamar Roma, ko kuwa yana ta yaɗo sai an kafa masa sanda? Na biyu, ganye: mai yanka-yanka ne, ko mai faɗi kamar na dankalin Turawa? Na uku, 'ya'ya nawa ne a gungu guda, mene ne launinsu da siffarsu? Na huɗu, a yanka ɗaya a tsakiya a ƙirga ɗakunan iri. Ƙaramin tumatir ɗaki biyu ya kan yi.

Amma duk wannan ba ya ba da suna, sai dai ya nuna dangi. Irin tumatir a duniya dubbai ne, masu kama da juna kuwa ba iyaka. Kama da wane ba wane ba ne. Abin da ya fi suna amfani ga manomi shi ne sanin ko ɗan zai gaji ubansa. Wadansu tumatir na kasuwa irin aure ne da kamfanoni suka haɗa. Gyauronsu ya kan yi kyau bana, baɗi a shuka irinsa ya fito barkatai. Wanda ya cika lambunsa na rani da irin wannan ya yi hasarar ruwa da taki da wahala.

Gwajin ba wuya. Furen tumatir kansa yake yi wa barbara galibi, saboda haka a zaɓi gindi guda mai lafiya, a tsinki nunannun 'ya'yansa, a matse cikin kwano, a bar shi kwana biyu ko uku har yauƙin ya saki. A wanke, a zubar da wanda ya taso sama, a shanya sauran a inuwa. Da sanyi ya shigo a yafa, bayan mako huɗu a dasa gindi ashirin a gefen lambu, ƙafa biyu tsakani. In duk sun fito bai ɗaya, iri ne zaunanne, a ajiye shi a kwalba mai murfi da ɗan toka, a rubuta shekara da gari. In sun sassaɓa, a ci 'ya'yan, kada a dogara gare shi.

A kula kuma, gyauro ya kan zama mafakar ƙwari tsakanin rani da rani. Manoma ba su manta da tsutsar nan sharon ba, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna cikin 2016. In an ga ganye da farin zane ciki, a tuge gindin a ƙone.

Wanda irinsa ya ci gwaji, ya raba wa maƙwabta, ya kuma nuna wa malamin gona na yankinsa. Nazarin iri aikin masanan Samaru ne ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken gona tun 1922. Kafin nan, ba laifi a kira shi da sunan garin da aka same shi, ko ɗan Tsafe ko ɗan Bungudu. Allah ya sa albarka.