Kyauta Ba Ganima Ba Ce: Satar Fasaha a Wasan Tuƙin Jirgin Ƙasa

A wannan fitowar mun ɗauko batun wani wasan kwamfuta. A ido batu ne na wasa, amma rigimar da ke cikinsa ta shafi duk wanda ya taɓa yin aiki da hannunsa, da duk wanda ya taɓa kwafar na wani.

Wane irin wasa ne?

Wasa ne da yake zaunar da kai a kujerar direban jirgin ƙasa. Kai za ka tayar da jirgi, ka kula da gudu, ka bi alamun hanya, ka ja birki a kan lokaci don ka tsaya daidai a tasha. A shekarar 2001 aka fitar da biyu daga cikin mafi shahara: Microsoft Train Simulator, da kuma Trainz na kamfanin Auran na Ostireliya. Na farkon ya zo da layukan dogo shida na gaske, ciki har da na Marias Pass a Amurka, da wanda ya haɗa Settle da Carlisle a Ingila, da na Tokiyo zuwa Hakone a Japan.

Layi shida ba za su ishi masoya jirgi na duniya ba. Kowa yana son ya ga jirgin ƙasarsa da tashar garinsu. Sai 'yan wasan suka fara ƙera nasu da kansu, tun daga kan jirgi da taragu har gadoji, bishiyoyi da dogayen layuka sukutum. Wasu suna sayarwa, da yawa kuma suna bayarwa kyauta. Wannan aikin sa kai ne ya raya wasan, har ya sa ake buga shi sama da shekara ashirin bayan fitowarsa.

Wahalar da ke cikin kan jirgi ɗaya

Kafin mu gane zafin satar, sai mun san aikin. Mai ƙera kan jirgi yakan fara da neman hotuna da awon jirgin na gaske. Daga nan ya gina siffarsa a manhajar zane, gaɓa bayan gaɓa, har da ƙafafu da fitilu da ɗakin direba. Sai ya yi masa fenti, ya sa masa lamba, ya ɗan zuba masa tsatsa da ƙura don ya yi kama da wanda ya sha tafiya. Wasu har bakin dogo suke zuwa su naɗo ƙarar inji da ta usur. A ƙarshe ya rubuta lissafin nauyin jirgin da ƙarfin jansa da na birkinsa, ya gwada, ya gyara, ya sake gwadawa. Aiki ne da kan ci watanni, kuma galibi a lokacin hutu ake yin sa, bayan an taso daga aiki ko makaranta.

Yadda satar take

Iri uku muka fi son ku lura da su. Na farko, mutum ya sauke aikin wani, ya ɗora shi a wani wuri ba tare da ya tambaya ba. Na biyu, ya canza fenti ko ya goge sunan mai shi, ya sa nasa, ya ce shi ya ƙera. Na uku shi ne mafi muni: ya tattara kayan da mutane suka bayar kyauta, ya haɗa su wuri guda ya sa musu kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma masu sayen abin sayarwa sau ɗaya su raba wa jama'a, mai shi ya tashi a tutar babu.

"To ai kyauta ne!"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma a nan kuskuren yake. Idan abokinka ya ara maka littafin da ya rubuta darasi a ciki don ka karanta, bai ce ka yage bangon ka rubuta sunanka ba. Haka mai ƙera jirgi: ya ba ka izinin ka sauke ka yi wasa, bai sallama maka mallakar ba. Shi ya sa yawancinsu suke haɗawa da ɗan fayil mai suna Readme, wato "karanta ni", inda suke faɗin abin da suka yarda a yi da wanda ba su yarda ba.

Illar ba ta tsaya ga ɓacin ran mai shi ba. Idan ya gano kuskure a aikinsa ya gyara, gyaran ba zai kai ga kwafin da aka sace ba. Mutane za su ci gaba da sauke tsohon, ya ƙi aiki, su zo suna zagin wanda bai ji ba bai gani ba. Babbar asarar kuwa ita ce idan ya gaji. Sai ya janye kayansa, ya daina fitar da sabo. Mutum ɗaya ya yi sata, dubbai sun rasa.

Me doka ta ce?

Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, har da Najeriya da Nijar, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki. Ba sai an yi rajista ba, kuma bayar da shi kyauta ba ya kashe haƙƙin. A Amurka akwai dokar DMCA ta 1998, wadda ta ba mai aiki damar rubuta wa masu shafin da aka ɗora kayansa su sauke shi. Sai dai wanda ya ƙera tarago don sha'awa ba shi da kuɗin lauya, musamman idan ɓarawon yana wata ƙasa. Saboda haka abin da ya fi tsare shi shi ne idon 'yan uwansa. Mai aiki yana gane aikinsa ko an sake masa fenti, kamar yadda tela yake gane ɗinkinsa a jikin wani. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Hanyar da ta dace

A wasan Trainz kowane abu yana da lambar shaida da ake kira KUID. Kashi na farko na lambar na wanda ya ƙera ne, na biyu kuma na abin da ya ƙera. Wanda ya gina layin dogo da gadar wani ba ya buƙatar kwafar gadar. Layin nasa zai ambaci lambarta, mai wasa ya sauko da ita daga rumbun kamfanin da sunan mai ita. Haka masu sake fenti na kirki suke yi: su raba sabon fentin kaɗai, su ce a nemi ainihin jirgin a wurin mai shi.

Akwai wata tambaya mai wuya. Idan mai aikin ya ɓace, shafinsa ya mutu, a bar aikin ya salwanta? Masu son adana tsofaffin kaya suna da hujja. Ra'ayinmu shi ne a fara nemansa da gaske, kada a goge sunansa, kada a karɓi ko sisi, kuma in ya dawo ya ce a cire, a cire. Mai ƙirƙira ma zai iya kashe gardamar tun farko ta hanyar bayyana sharuɗɗansa. Misali, manhajar Open Rails, wadda take iya buɗe kayan tsohon wasan Microsoft, an sake ta ne da lasisin da ya yarda kowa ya kwafa ya gyara bisa sharuɗɗan da aka rubuta.

Namu darasin

Wataƙila yawancinmu ba mu taɓa buga wannan wasa ba, amma halin mun san shi. Shi ne na ɗalibin da ya kwafe jingar abokinsa ya canza suna kawai, da na wanda ya ɗauko rubutu daga intanet ya kawo mana don a liƙa a wannan allo a matsayin nasa. Kayan aro ba ya rufe katara. Kafin ka ɗauki aikin wani, tambayi kanka abu uku: wa ya yi shi, me ya yarda a yi da shi, kuma na ambaci sunansa? In ba ka da amsar ɗaya daga ciki, dakata ka tambaya.

Mu ma a ƙungiyance mun ɗauki alkawarin ba za mu liƙa rubutu ko zane ba sai da sunan mai shi na gaskiya. Muna roƙon malamanmu su taya mu sa ido. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.