Damargu: Hajiya, kin duba kayen ɗanki?

A Tanut da Balbeji ana komawa lakwal a watan Oktoba, daidai da girbin hatsi, lokacin da kasuwa ke neman hannun kowane yaro. Nan karatun da yawa ke fara lalacewa.

Ba sai kin iya Faransanci ba. Buɗe kayensa: akwai darasin yau? Akwai jan biron malam? Sannan ya rufe, ya faɗa miki darasin da Hausa. In ya yi ta kame-kame, hadda kawai yake yi, bai gane ba. Kan 20 ake ba da maki, ƙasa da 10 faɗuwa ce.

Mai shirin jarrabawar BEPC kam, a sauke masa talla bayan la'asar, a bar masa fitila bayan isha'i.