Filebon Banila a Ruwan Sigarin Lantarki: Abin da Huhu Ke Sha

'Yar kwalbar filebon banila da ake ɗigawa a kek da cincin da kunun aya ta samu sabbin masu saye. A Amurka da Turai, inda sigarin lantarki ya zama ruwan dare, wasu masu zuƙarsa sun daina sayen ruwan da kamfanoni ke haɗawa, sun koma haɗa nasu a ɗaki don ya fi araha, kuma banila na cikin ƙamshin da suka fi so. Na'urar ta riga ta shigo biranenmu, bidiyon haɗin ma yana yawo a waya, don haka maganar ta shafe mu.

Hujjar masu yi ɗaya ce: "Ai abin ci ne." Gaskiya ne, ana ci. Amma abin da aka haɗiye sai ya bi ciki da hanji, hanta ta tace shi. Wanda aka zuƙa kuwa kai tsaye yake sauka a siraran hanyoyin iska na huhu, daga nan sai jini. Ƙungiyar masu sarrafa filebo ta Amurka, FEMA, ita da bakinta ta ce shaidar aminci da take bai wa sinadaran ƙamshi ta ci ce kawai, ba ta haɗa da zuƙa ba.

Yawancin banilar da ke kasuwa ba ta taɓa ganin gona ba. Ta ainihi 'ya'yan wata shuka ce da aka fi nomawa a Madagaska, tana da tsada ƙwarai. Wadda muke saye sinadari ne mai suna banilin, wanda masana a Jamus suka fara haɗawa a 1874, yau kuma ana samar da shi daga sinadaran man fetur ko na itace. Wannan ba aibi ba ne a abinci, kuma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Matsalar tana farawa ne idan banilin ya haɗu da furofilin gilaikol, ruwan da ke ɗaukar ƙamshi da nikotin a sigarin lantarki. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Yale da Duke suka gano cewa su biyun ba sa zama lafiya a kwalba ɗaya. Suna haɗuwa su haifar da wani sabon sinadari, asital, wanda babu sunansa a jikin kowace kwalba domin ba wanda ya zuba shi. Yana bin tururi ya shiga ƙirji, yana tsokanar jijiyoyin maƙogwaro da hanyoyin iska masu jawo tari da raɗaɗi. Abin takaicin, masu haɗin gida kan ajiye ruwan na makonni wai ya tsumu, suna murna idan ya yi duhu, alhali lokaci suke bai wa wannan canji ya kankama.

Sai kuma banila mai ɗanɗanon kastad ko man shanu. Irin wannan sau da yawa ana ƙara mata wani sinadari mai suna dayasetil. A shekarar 2000 aka gano ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Misuri da wata cutar huhu mai toshe ƙananan hanyoyin iska da tabo, tabon da ba ya warkewa, kuma dayasetil ɗin da suke shaƙa a wurin aiki aka kama da laifi. A 2015 masana a Harvard suka gwada ruwan sigarin lantarki kala 51, suka same shi a 39. Ingila ta hana sa shi tun 2016. Ba kowace banila ke ɗauke da shi ba, amma mai saye a kanti ba shi da hanyar bambancewa.

Filebon kicin ma ya fi muni, don akwai mai sukari, da mai kala, da mai maiƙo. Sukari ƙonewa yake a kan wayar da ke zafafa ruwan, maiƙo kuwa huhu ba ya iya fitar da shi. A 2019 Amurka ta ga abin da wani mai na bitamin E ya yi, wanda 'yan bayan fage ke zubawa a ruwan zuƙa na wiwi: zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti, 68 suka mutu. Shi ma ana cinsa, ana shafa shi a fata, ba ya yin komai.

Nikotin ɗin da ake saya don haɗin gida yakan kai miligiram 100 a kowace mililita, ninki biyar na iyakar da Tarayyar Turai ta yarda. Yana ratsa fata, kuma idan an gauraya shi da banila ƙamshin alewa yake yi. A Disamban 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha irinsa. Idan yaro ya sha, kada a ba shi manja ko madara, kada a sa shi amai, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Babban da ke zuƙa kuma ya fara tari marar ƙarewa, ko haki, ko ciwon ƙirji, ya ajiye na'urar ya faɗa wa likita ainihin abin da ya zuba a ciki.