Asali da Ma'anar Kalmar "Growth" ta Ingilishi da Matsalar Fassara Ta

1.0 Gabatarwa

Kalmar "growth" tana cikin kalmomin Ingilishi da ke ba masu fassara wahala. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin asalinta domin a gane iyakar ma'anarta.

2.0 Asali da Ƙira

An samo kalmar ne daga aikatau "grow", wanda a Tsohon Ingilishi ake cewa "growan". A wancan zamani galibi tsirrai ake nufi da shi, wato tsiro ko tofo. Masana sun nuna cewa saiwarsa ɗaya da "green" da "grass", wato kore da ciyawa. Wannan dangantaka ta fito fili a harshen Holan, inda ake da "groeien" da "groen" da "gras".

Aikatau da ke ɗauke da ma'anar ƙaruwa gaba ɗaya a Tsohon Ingilishi shi ne "weaxan". Sannu a hankali "grow" ya mamaye gurbinsa, har ya kasance "wax" bai saura ba sai a wurare ƙalilan, kamar bayanin ƙaruwar wata. Jamusanci kuwa ya riƙe nasa "wachsen". Shi sunan "growth" ya bayyana ne a ƙarni na 16, ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeya "-th", irin wanda ke cikin "health" da "wealth".

3.0 Ma'ana da Fassara

Daga gona kalmar ta yaɗu zuwa jikin mutum, yawan jama'a da tattalin arziki. Hausa ba ta tara waɗannan a kalma guda ba: shuka tana tsiro, yaro yana girma, jama'a suna ƙaruwa, kasuwa tana haɓaka. Abin lura kuma shi ne, "growth" ba lallai ya zama alheri ba, domin likitoci suna kiran ƙari da wannan suna. Saboda haka kuskure ne a fassara ta da "ci gaba", wanda ya fi dacewa da "development". Dukiyar ƙasa tana iya haɓaka alhali talaka bai gani a tukunyarsa ba.

4.0 Kammalawa

Ya kamata mai fassara ya fara tantance abin da ke ƙaruwa kafin ya zaɓi kalma, don kada ya sanar da mai sauraro ci gaban da mai magana bai ambata ba.