Lissafin tashar shara: yaushe take rage kuɗi?

A ƙasar Amurka, mahukuntan gunduma ke kula da sharar mutanensu, kuma kuɗin aikin daga aljihun jama'a yake fitowa. Can da, kusan kowane gari yana da jujinsa a bayan gari. Amma ruwan da ke tsiyaya daga juji yana shiga ƙasa, yana ɓata ruwan rijiyoyi. A shekarar 1991 gwamnati ta kafa doka mai tsanani a kan yadda za a gina juji. Ƙananan garuruwa suka kasa biyan kuɗin, suka rufe nasu. A 1988 akwai juji wajen 8.000 a ƙasar. A 2002 ba su kai 2.000 ba. Juji ya yi nisa ke nan.

Sai gunduma ta zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai motocin da ke kwasar shara cikin unguwanni su kai ta juji da kansu, ko kuwa a gina tashar shara kusa da gari. A tashar, ƙananan motoci suna juye kayansu, babbar kamyo ta ɗauka ta kai juji. Manoma sun san irin wannan aiki: amalanke ke kawo gero mangaza, kamyo ke kai shi birni.

Hukumar kula da muhalli ta Amurka ta ba da misalin lissafi a shekarar 2002. Kuɗin dalar Amurka ne, ba dalar nan ta tamma 5 ba. Mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan.

Ƙaramar mota tana ɗaukar ton 7. Babbar kamyo tana ɗaukar ton 21. Kowace cikinsu tana cin dala 3 a mil ɗaya, kuɗin gazuwal da direba da gyara. Gina tasha da tafiyar da ita suna cin dala 10 a kan kowane ton.

A ce zuwa juji da dawowa mil 14 ne. Kuɗin tafiya dala 42. In an raba su ga ton 7, kowane ton ya ci dala 6. In an raba su ga ton 21, ton ya ci dala 2, amma sai an ƙara dala 10 na tasha, ya zama 12. A nan tasha asara ce, ta ninka kuɗi.

Yanzu a ce tafiyar mil 70 ce. Kuɗinta dala 210. Da ƙaramar mota, ton ya ci dala 30. Da kamyo ya ci dala 10, da na tasha ya zama 20. An tsimi dala 10 a kowane ton. Gundumar da ke kwasar ton 100 kullum ta tsimi dala 1.000 a rana.

A mil 35, wato kilomita 56 zuwa da dawowa, hanyoyin biyu daidai suke: dala 15. Mai karatu ya gwada a allo ya gani.

Dala 10 ɗin nan ita ce ke saurin ruɗin mutane. Kuɗin gini ba ya raguwa don shara ta yi kaɗan. In gunduma ta gina babbar tasha mai rufi da injin danne shara, alhali mutanenta ba su da yawa, kowane ton zai ci fiye da dala 10 nesa ba kusa ba. Irin wannan gunduma fili mai shinge da manyan akwatunan ƙarfe sun ishe ta. Babban birni kamar Seattle shi kuwa har jirgin ƙasa yake loda wa shara, a kai ta jihar Oregon.

Wurin da za a kafa tashar ma yana shiga lissafi. Fili a tsakiyar gari yana da tsada, kuma maƙwabta ba su son wari da ƙarar motoci. Fili mai arha yana nesa, sai ƙananan motoci su koma doguwar tafiyar da aka gina tashar don a rage.