Sayen Gida a Birnin Oksfod na Ƙasar Ingila

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, rubutun da za mu karanta a wannan mako yana magana ne a kan ƙaura da sayen gida. Za mu ɗauki birnin Oksfod mu yi misali da shi. Birnin yana da nisan kimanin kilomita 90 daga Landan, kuma ƙidayar 2021 ta nuna yana da mutane wajen 162,000. An san cewa tun shekarar 1096 ake koyarwa a can. Abin da za mu gani shi ne, tarihin da ya ƙawata birnin shi ne kuma ya sa gida tsada, ya ɗaure mai saye da sharuɗɗa.

Me Ya Sa Gida Yake Tsada?

Dalili na farko shi ne birnin ba shi da wurin faɗaɗa. Tun shekarun 1950 aka fara shirin keɓe filaye da gonakin da suka kewaye shi, aka taƙaita gini a cikinsu. Na biyu, ba a cika yin dogayen benaye a tsakiyar gari ba. Shekara da shekaru hasumiyar Carfax, mai tsawon mita 23, ita ce ma'aunin da ake dubawa, don kada sabon gini ya tare tsofaffin hasumiyoyin kwalejoji. Na uku, kogin Thames da na Cherwell sun haɗu a birnin, saboda haka fili mai yawa fadama ce. Ga masu nema kuwa da yawa: malaman jami'o'i biyu, da ma'aikatan asibitocin Headington, da na masana'antar mota ta Cowley, da masu zuwa aiki Landan ta jirgin ƙasa. Wannan ne ya sa aka daɗe ana lissafa Oksfod cikin biranen Birtaniya da gida ya fi ƙarfin albashi.

Haya Kafin Saye

Baƙo mai hankali yakan fara da haya. Cikin shekara guda zai san unguwanni. Arewacin Oksfod da Jericho suna da tsada ƙwarai. Cowley da kewayenta sun fi sauƙi, ga kuma shagunan abincin ƙasashe daban-daban. Mutane da yawa sukan haƙura da birnin, su sayi gida a Abingdon ko Didcot ko Bicester, su riƙa shigowa aiki. A kuma lura, doka ba ta hana baƙo sayen gida ba, amma mallakar gida ba ta ba shi izinin zama a ƙasar. Har wa yau, tun Afrilun 2021, wanda ba mazaunin Birtaniya ba yana biyan ƙarin kashi 2 cikin ɗari a kan harajin sayen gida.

Mene Ne Ake Saya?

Mallakar gida a Ingila iri biyu ce. Akwai mallaka ta har abada, wato gida da filinsa duka na mai saye ne. Akwai kuma mallaka mai wa'adi, inda fili yake na wani, mai saye kuwa yana da shekarun da aka rubuta kawai. A ƙarni na 19 Kwalejin St John's ta ba da filayenta na Arewacin Oksfod aka gina gidaje a kan wa'adin shekara 99. Sai a 1967 aka yi dokar da ta ba mazauna irin waɗannan gidaje damar sayen filin. A yau galibin gidajen sama da ake sayarwa ɓangare-ɓangare masu wa'adi ne. Idan shekarun da suka rage sun yi kaɗan, darajar gida takan faɗi, banki kuma ya yi ɗari-ɗari da ba da rance.

Akwai wasu abubuwa biyu da za a bincika. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, canja masa kama ba da izini ba laifi ne, ko da taga ce za a sake. Sa'an nan ambaliya: a watan Yulin 2007 ruwa ya shiga gidaje a yankin Osney da titin Botley. Gidan da ke irin wannan wuri inshorarsa takan yi nauyi.

Yadda Ciniki Yake Faɗawa

A kasuwar Hausa, idan mai kaya ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. A Ingila ba haka abin yake ba. Mai saye yakan taya ta hannun dillali, wanda mai gida ne yake biyan la'adarsa. Ko da mai gida ya amince, babu abin da ya ɗaure kowa tukuna. Daga nan mai saye zai ɗauki lauya ya binciki takardu, ya ɗauki safiyo ya duba lafiyar gini, ya nemi rance a banki. Wannan yakan ci watanni. A tsakanin nan wani yana iya ƙara kuɗi, mai gida ya koma gare shi, kuɗin lauya da na safiyo su tafi a banza.

Ciniki yana tabbata ne ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya. A ranar mai saye yakan biya kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin ɗari, kuma idan ya janye ya yi asararsa. Bayan haka sai ranar cika kuɗi da karɓar makulli, a kuma yi rajistar sunan sabon mai gida.

Kammalawa

Ke nan kafin mutum ya taya gida a Oksfod, ya kamata ya tambayi abu uku: filin na wane ne, me doka ta yarda ya gyara, kuma ina ruwa yake kaiwa idan kogi ya cika. Kada kuma ya sallami gidan hayarsa sai an yi musayar takardu.